Malam Bari-in-duba da Almakashin Wanzami

Da an idar da sallar asuba, kafin kowa ya gama laluben takalminsa, shi ya riga ya buɗe ɗakin littattafan da ke bayan masallaci. Zai karkaɗe kantoci, ya goge tabarau da bakin riga, ya zauna. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai miƙa mabuɗi. Malam Bari-in-duba kowa ke ce masa. 'Yan unguwa na tsokanarsa wai ko raka'o'in magariba ka tambaye shi, sai ya duba.

Wanzamin bakin layi ya fi kowa sanin amfanin wannan hali. Bara wani saƙo ya yi ta yawo a wayoyi, wai hadisi ne: duk wanda ya sa wa gemu almakashi, ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Yayan wanzamin ya karanta, ya daina cin abinci a gidan ƙanensa. Wanzami ya zo ya durƙusa gaban Malam.

"Malam, shekara ashirin ina daidaita wa mutane gemu. Na halaka ke nan?"

Malam bai ce masa e ko a'a ba. Abin da ya dame shi, wa ya faɗi maganar, daga wa ya ji, shi kuma wancan daga wa? Kwana uku yana sauke littattafai, yana bin sunayen masu ruwaya da yatsa, yana neman ko wane ya taɓa haɗuwa da wane, ko kuwa an san shi da mantuwa.

Rana ta huɗu ya tara wa da ƙane. Ya nuna musu cewa umarnin barin gemu da rage gashin baki ya inganta. Ruwayar da ta ce Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana rage gemunsa, wadda wanzami ya so ta inganta, akwai mai rauni cikin masu ruwaito ta. Amma an samu sahabin da yakan damƙi gemunsa ya yanke abin da ya wuce damƙa, shi ya sa malamai suka saɓa. Saƙon waya kuwa bai gan shi ko'ina ba.

Yayan ya tambaya ko ƙarya ce ke nan.

"Ni dai ban gan shi ba. Tambayi wanda ya turo maka inda ya samo."

Yayan ya buga waya nan take, mutumin ya ce shi ma turo masa aka yi. Ranar a kwano ɗaya wa da ƙane suka ci abincin rana.

Malam, kai ne ka gwammace a yi maka dariya da ka jingina wa Manzo abin da bai faɗa ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu kuma da yatsunmu ke saurin turawa, kafin mu raba wani wa da ƙanensa, mu tambaya tukuna: wa ya faɗa?