Wankan Gida a Gaza

Baffana, ƙanin mahaifina, ya dawo daga karatu a Masar da mata Bafalasɗiniya. A gidanmu na Gude suka zauna, shi kullum yana hawa babur zuwa Islamiyyar da yake koyarwa a Gwarzo. Lokacin na gama sakandare ina zaune a gida, sai na zama 'yar ɗakinta. Anti nake ce mata. Ni na koya mata tuƙin tuwo, tana yi muna dariyar gudajin.

Da cikinta ya tsufa, kakarmu Hajiya ta ce sai ta tafi wankan gida. A wurinmu haihuwar fari a gaban uwa ake yinta, kuma Hajiya ba za ta yarda a ce don yarinya baƙuwa ce aka tauye mata haƙƙi ba. Anti ta ce ita a nan za ta haihu. Ta yi mana bayani da Hausarta mai tsalle, cewa garinsu ƙofa gare shi ta wajen Masar, kuma ba mutanen garin ke riƙe da ita ba. Yau a buɗe, gobe a rufe, ba wanda zai ce maka sai yaushe.

Mu kuwa muka ɗauka kara ce take yi, saboda ta ga yadda ake fama da tsadar abinci a shekarun nan. Shingen da muka sani shi ne na hanyar Kabo, inda ake leƙa mota a ga ko maza sun cakuɗu da mata, a yi gaisuwa a wuce. Matan gida suka yi ta zolayarta wai tsoron ruwan zafi take ji. Har da ni a masu dariya.

"Hajiya, idan na shiga, ban san fita ba," ta ce.

"Wace ƙofa ce za ta hana mai jego komawa ɗakin mijinta? Ki je ki ga uwarki, 'yar nan."

Ta tafi. Ta haifi namiji. A nan Gude aka yanka ragon suna, aka raba goro, babu jariri babu uwarsa. Kafin ta yi arba'in aka rufe ƙofar.

Baffa ya bi ta da tsarabar Hajiya: kanwa da gero na kunu, yajin jego, da zannuwan goyo. Ya ce a bakin ƙofar ya tarar da manyan motoci jere a rana, na fulawa da na magani, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu. Yana hango gine-ginen garin. Ya zauna har izinin zamansa ya ƙare, ya dawo da kayan yadda aka ɗaure su.

Yanzu yaron har ya fara tafiya, a waya kawai muke jin gwarancinsa. A makon jiya da la'asar ni ke riƙe da wayar, Anti tana ba ni labarin yadda madarar yara ta yanke a kantuna, sai na ji wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, da kukan yaron, layin ya mutu. Sai bayan kwanaki ta samu ta kira, suna raye. Ni dai har yau idan murfin tukunya ya faɗi sai na zabura.

Jiya Baffa ya durƙusa a ɗakin Hajiya, ina gefe ina tsince shinkafa. Ya ce ya ji wani lokaci akan bar mutum ya shiga ko da ba a barin fita, yana neman izininta ya koma ya gwada. Ta tambaye shi ko ya san ranar dawowa, ya ce bai sani ba.

"Ni na tura ta," ta ce. "Tashi ka je. Allah ya tsare."