Saƙon Neman Jinin da Tallata Ta Danne

Ni ɗan Maraɗi ne. Gyaran talho, wato wayar hannu, ya kawo ni Yamai, kuma a rumfata ta unguwar Kalley ba wanda ya taɓa kirana ɓarawo. Na iya aiki, zuciyata ce ba ta da wadar zuci.

Mushe Sani (haka muke kiran malamin lakwal, wato makarantar boko), ɗan Damagaram, shi ya nuna mini irin rezon nan na sada zumunta a intanet da ba kamfani ɗaya ke riƙe da shi ba. Kowace ƙungiya da na'urarta, suna miƙa wa juna saƙo kamar maƙwabta ta kan katanga. Tasa tsohuwa ce, tana ɗakinsa a unguwar Koira Kano, masu ba da jini kyauta ke aiki da ita. In an rasa jini a asibiti sai a rubuta, saƙo ya zaga gari. Kowa na iya buɗe asusu.

Na ce, "Mushe, ba ka tsoron 'yan damfara?"

Ya ce, "Ɗana, mai neman jini ba shi da lokacin jiran izinina."

Ta wannan ƙofar na shiga. Na fara da asusun bogi ɗaya, ina tallar aikin ƙarya a ƙasar waje. Da na ga ana faɗawa, sai na haɗa manhaja mai ƙirƙiro asusu, tana zuba talla ba hutu. Na'urar Mushe ta cika, ta yi nauyi. Sauran na'urori suka gaji da shararmu, suka fara toshe ta. Har rumfata Mushe ya ɗauko ta don in duba. Na goge mata ƙura kawai na ce, "Tsufa ne, Mushe." Ya yi mini godiya.

A cikin makon ne 'yarsa Hadiza ta zo haihuwa, jini ya ɓalle mata. Ya rubuta neman taimako, saƙon ya maƙale bayan tallata. Jininta mai wuyar samu ne, irin nawa. Talhona na hannuna ranar, ina duba wanda ya faɗa tarko. Kafin la'asar ta rasu.

Waɗanda na cuta suka kai ƙara, 'yan sanda suka bi sawu har rumfata. Aka kai ni kaso.

Mushe ya zo sau ɗaya, ya rame ƙwarai. Ya ce, "Ban zo zaginka ba. Ka ga saƙon?"

Na ce, "Wallahi ban gani ba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Da na zaci ka gani ka ƙi zuwa."

Da ya mare ni, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu na fito, na tuba, kuma duk lokacin da likita ya yarda ina zuwa in ba da jini. Ku matasa, in kun tarar da ƙofa a buɗe a rezo, don wani mai buƙata aka bar ta, kada ku cika ta da shara. Yaron da Hadiza ta bari ya fara tafiya. In na hango shi a hannun kakansa, hanya nake canzawa.