Wata-rana, Karen Gonar Dabino

Warin man injin ban-ruwa nake fara ji duk lokacin da na tuna ranar, gauraye da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindin dabino. A ranar ne mai gonar, wani dattijon Balarabe, ya sauke kwali daga bayan motarsa, ya ce wa Baba ga mai gadi ya kawo, saboda yanyawa da ke ɗauke masa kaji. Da aka buɗe, ɗan kwikwiyo ne ja, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Aka ce ni zan riƙa ba shi abinci, tunda ni ce ba ni da aikin yi.

Lokacin ba mu daɗe da barin unguwar Gurda da ke garin Sabha ba. Ɗaukar bulo ta cinye bayan Baba, shi ya sa muka koma gona a hanyar Ghudduwa. Ni kuwa na gama sakandare a Sabha da sakamako mai kyau, amma ba ni da takardar zama, sai karatu ya tsaya nan. Littattafaina suna cikin buhu a ƙarƙashin gado. In tashi, in yi shara, in ɗebo ruwa, in zauna. Har magana ta yi mini nauyi.

Gida biyu ne a gonar, mu 'yan Damagaram da wasu mata da miji 'yan wajen Maraɗi. Matar nake kira Gwaggo. In ban da ita, Inna ba ta da macen da za ta yi wa Hausa sai an shiga mota. Kullum bayan la'asar Gwaggo kan zo da tabarmarta, su zauna suna ware dabino, suna shan shayi, suna hirar gida. Sai dai akwai abu ɗaya a tsakani. Kula da injin, aikin inuwa, Baba aka fara yi wa alkawarinsa, aka dawo aka ba mijin Gwaggo, aka bar Baba da hawan dabino da wannan bayan nasa. Matan ba su taɓa ambatar zancen ba. Kewaye shi suke yi kamar rijiyar da ba murfi.

Da na ce zan sa wa kwikwiyon suna, Baba ya ce, "Kare ai kare ne. Ki ce kai, zai zo."

Inna ta ce, "Bar ta ta sa. Amma ki ji, ba a ba kare sunan mutum. Kuma a wajenmu sunan kare magana ce. Mutum ya ji haushin maƙwabcinsa, sai ya sa wa karensa Bar-su ko Ba-ruwanka, ya fito ƙofa yana ƙwala kira. Kare ya amsa, maƙwabci ya ji saƙo. To ki zaɓi wanda ba ya harbin kowa."

Na ɗauka abu mai sauƙi ne. Na ce Dabino. Baba ya ce abin da ake buɗe baki da shi ba a liƙa wa kare. Na ce Baƙo. Ya yi murmushin gajiya, ya ce, "Shi ɗan ƙasa ne, mu ne baƙin." Na ce Haƙuri, Inna ta dafe kai. "So kike Gwaggonki ta ce haƙuri nake yi da ita?" Na ce Tauraro, ita Gwaggon da kanta ta yi dariya har tana share hawaye.

"Malama, wannan mai ƙuman? In wannan tauraro ne, ni ce farin wata."

Kowane suna na ɗauko sai a nuna mini ƙayar da ke jikinsa. Na gaji, na bari. Kwikwiyon ya yi ta girma ba suna, yana bina zuwa bakin kwalbati, yana kwanciya nesa kaɗan, don ya gane ba a yarda ya taɓa mana tufafi ba.

Wata yamma ina zaune ina kallon hanyar da ke zuwa Sabha, shi ma yana kallonta, kamar yana jiran abin da nake jira. Na tuna yadda Baba ke rufe kowace hira. Wata rana za mu koma gida. Wata rana takarda za ta fito, ki koma makaranta. Ban san lokacin da na ce, "Wata-rana" ba. Kwikwiyon ya ɗaga kunnen nan na kwance. Na sake faɗa da ƙarfi, ya taso a guje. Na yi dariya ni kaɗai a tsakiyar gona.

Ban ga ƙaya a jikin wannan sunan ba. Da na gaya wa Inna, ta dube ni ta daɗe, ta ce, "To." Shi ke nan abin da ta ce.

Daga nan kullum da yamma ina tsaye da kwanon ɗumame ina kira, "Wata-rana! Wata-rana!" Muryata tana wuce ɗakin injin, tana wuce ƙofar Gwaggo. A kunnen matar da mijinta ke zaune a gurbin Baba, ma'anarsa guda ce: wata rana za ku gani.

Tabarmar ta daina zuwa. Gaisuwa ta koma ta nesa, "An wuni?" "Lafiya," kowa ya juya. Inna takan dafa shayi kamar da, ta fito da kofi biyu, ta mayar da ɗaya. Tana ware dabino ita kaɗai, ba a jin komai sai tuƙ-tuƙ ɗin injin.

Da na gane, na ce, "Inna, bari in canza masa."

"Ya riga ya amsa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Je ki ba shi abincinsa."

Na gwada rage murya, amma gonar da faɗi, kare ba ya jin raɗa. Haka muka ci gaba har aka sare dabinon shekarar, su Gwaggo suka sami aikin gini a garin Tamanhint suka tafi. Sallamar ma a tsaye aka yi ta. Baba ya sami injin, Inna ta rasa abokiyar hira, kuma ba a kawo wata mace gonar ba har muka bar ta. Karen muka bar shi can, don na gonar ne.

Bayan shekaru, Inna ta riga ta koma Damagaram, na haɗu da Gwaggo a wani taron suna a Gurda. Ta tsufa, ta riƙe hannuna tana tambayar kowa. Can ta ce, "Malama, ina mai ƙuman nan naki?" Muka yi dariya. Sai ta gaya mini abin da ban sani ba. Tun a makon farko da na fara kiran sunan ta sami Inna a ɗaki, ta ce in dai ba da ita ake ba, a canza sunan, magana ta wuce. Inna ta rantse mata ba da ita ake ba, amma ta ce ba za a canza ba. Inna ta ce mata tun da muka zo gonar ba ta ji 'yarta ta ɗaga murya ba, sai da ta fara kiran karen nan.