Tsanin Saje

Yaran yanzu in suna cika baki a kan ƙwallo, dariya suke ba ni. Wai kada hannu ya taɓa, wai in an ɗan ture mutum sai ya kwanta yana birgima a hura usur. Mu da muka buga ƙwallo a Sakkwato tun Nasara ba su daɗe da zuwa ba, wadda muka buga ba irin wannan ba ce, kuma ni a kanta na kusa rasa matar aure.

Lokacin ina saurayi, ina leburanci a ƙarƙashin wani Bature mai aikin hanya da rijiyoyi. Dogo ne, ja wur, wuyansa kullum a saɓule saboda rana. Ba ɗan Ingila ba ne kamar sauran. Tafinta ya ce mana daga wata ƙasa ya fito can ƙarshen duniya, wai ita Ostareliya, kuma a can ƙwallo sana'a ce. Ranar Asabar gari ke watsewa zuwa fili, a biya ƙarti su buga, jama'a su biya su kalla. Muka ce ikon Allah, mu da diga muke cin abinci, su da guje-guje.

A cikin akwatinsa ya zo da ƙwallon. Ranar da ya fito da ita mun ɗauka zama aka yi a kanta a jirgi, don doguwa ce kamar gwanda. In ta bugi ƙasa babu mai sanin inda za ta nufa, ka tare ta gabas ta yi arewa. Ya sa muka share wani fili bayan bariki, ta hanyar Minanata, muka sha ƙarangiya har muka gode Allah. A kowane ƙarshe muka kafa gwangwala huɗu, dogaye biyu a tsakiya, gajeru a gefe. In ka shura ƙwallon ta bi tsakanin dogayen, ka yi babban ci, in ta bi gefe ƙaramin ci ne. Ba a jefa wa ɗan'uwa da hannu, sai dai a naushe ta. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, in an shuro ta sama ka cafe kafin ta taɓa ƙasa, kowa sai ya ja da baya ka shura a natse, kuma wajen cafewar an yarda ka hau bayan mutum. Tafinta ya maimaita mana wannan har ya gaji, don ba mu yarda ba. Ka hau bayan ɗan mutane, kuma Bature ya tafa maka!

To ni kuwa Allah ya ba ni tsawo, ko ƙofar zauren gidanmu sai na sunkuya. Kafin kaka ta shigo na zama gwanin cafiya a cikin leburori, har Bature yana dukan kafaɗata yana wani yare. Kaina ya soma girma, ba na musu.

A wannan kakar ce kuma nake neman aure. Yarinyar 'yar Sajen 'yan sanda ce, tana sayar da masa a bakin bariki, kuma ita ce uwar 'ya'yana daga baya, Allah ya jiƙanta. Kawuna ya riga ya kai gaisuwa gidansu, Saje ya karɓa, amma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi sai ya duba yaron tukuna. Ga kuma wani kofur a ƙarƙashinsa, mai gashin baki da takalman gwamnati, shi ma ya kai tasa gaisuwar. Ni me gare ni? Diga da tsawo.

Shi Saje gajere ne, kakkaura, wuyansa da kansa duk ɗaya, tsohon ɗan kokawa ne da ba ya son a ce an kayar da shi ko a wasan dara. Tun da aka kai gaisuwar nan ya zama surukina a wurina. Ba na haɗa ido da shi, ba na cin abinci inda yake, in na hango shi a hanya sai in ratse in tuɓe takalmi in durƙusa har ya wuce. Sunansa kuwa har yau da nake rubuta wannan bakina bai taɓa faɗa ba. Haka aka tashe mu, kuma ban ga laifinsa ba.

Da 'yan sanda da sauran ma'aikatan bariki suka soma koyon wasan su ma, sai ga Bature da shawara. Ya ce za a yi irin na garinsu, kwana biyu, Asabar da Lahadi. Ranar Asabar leburori su kara da ma'aikatan gidajen Turawa, 'yan sanda su kara da masinjoji da malaman ofis. Waɗanda suka yi nasara su haɗu ranar Lahadi. Da na ji haka na san na shiga uku, don Saje ba zai zauna a benci ba.

Asabar tun kafin la'asar fili ya cika. Mutane sun fito ta Ƙofar Marke har da masu jakuna, masu fura da masu rake sun kafa kasuwa, makaɗa kuma babu wanda ya gayyace su amma ga su. Wasanmu da kukuku da boyi-boyi bai zama wasa ba. Ana tsakiyar gumurzu babban kuku ya dubi rana, ya dafe kai, ya ce ruwan shayin mai gidansa, ya zura da gudu, rabin mutanensa suka bi shi. Muka yi ta zuba musu ci har mai ƙirgawa ya gaji.

Wasa na biyu ni na fi kowa addu'a a wurin, ina roƙon Allah ya ba malaman ofis sa'a. Ina! Da manyan riguna suka shigo fili, ɗaya har da rawani. Wani ɗan sanda ya kama bakin rawanin, malam yana gudu rawani na warwarewa, ya kai gwangwala babu ƙwallo babu rawani. Mata suka yi ta guɗa. Saje kuwa bai cafe ko ɗaya a sama ba saboda gajarta, amma duk wanda ya yi karo da shi sai an ɗaga shi. 'Yan sanda suka ci, ke nan gobe mu da su.

Helmanmu, wato shugaban leburori, taubashina ne, ɗan gwaggona, kuma bakinsa ba shi da linzami. Ya same ni a gefen fili ya ce, "Kai dogon banza, mi ya sami fuskarka? Gobe kai ka tsayawa tsakiya. In ka bari gajeren surukinka shi taɓa ƙwallon ga, wallahi rijiya za ka kwana."

Na ce, "Bawana, ka rufa mani asiri ka sa wani."

Ya ce, "In sa wa? Kai ɗai Allah ya miƙe cikinmu."

Na lallaɓa wurin mai masa ko zan sami sanyi. Ko kallona ba ta yi ba, tana juya masa a tanda ta ce, "Ka ji ni da kyau. Kada ka kuskura ka taɓa mani baba. Kuma kada ka tsaya awa turmi mutane su ce rago nika so."

Na ce, "To mi za ni yi?"

Ta ce, "Kai kas sani."

Ranar Lahadi taron ya ninka na jiya. Har Turawan bariki sun fito da kujerunsu. Ni kuwa na shiga fili da dabarata: duk inda Saje yake, ni ina wancan gefen. In ya yi gabas na yi yamma. Dabarar ta yi aiki fiye da yadda na zata, don a can nesa da shi na yi ta cafiya, har na hau bayan kofur mai gashin baki na ɗauke ƙwallon a saman kansa. Wannan kam ban ji kunyar kowa ba, daɗi na ji har cikin raina, na kuma saci kallon wajen tandar masa. Helma yana ta zagina cewa na bar tsakiya, amma da yake muna ci, zagin bai yi zafi ba.

Rana ta yi ja, Bature ya soma duba agogonsa, muna gaba da ɗan abin da bai kai babban ci guda ba. Sai wani ɗan sanda ya shuro ƙwallon sama, can ƙololuwa, ta nufo gaban gwangwalarmu, daidai inda nake tsaye. Tawa ce, babu tantama. In na cafe, wasa ya ƙare. Na buɗe hannuwa, ina jin leburori suna kiran nasara tun ba ta zo ba.

Sai na ji ƙasa na rawa. Na sauke ido, ga Saje ya nufo ni gadan-gadan, ido cikin ido, abin da bai taɓa faruwa tsakaninmu ba.

Mutane sun sha tambayata me na yi tunani a lokacin. Wallahi ban yi tunanin komai ba. Gwiwoyina ne suka yi abin da suka saba. Na ji ni ina sauka ƙasa, kai a sunkuye, har bakina ya soma cewa, "Baba, barka da..." Ban ƙarasa ba na ji tafin ƙafa a gadon bayana, wata a kafaɗata, nauyi kamar buhun gero ya danne ni, sannan ya tashi. Na dafe ƙasa na cije, ban yarda na kife ba, don in na kife shi zai faɗo.

Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin gajeren mutum a sama haka ba. Saje ya cafe ƙwallon da hannu biyu, ya diro a kan ƙafafunsa, ya tsaya yana kallonta kamar shi ma bai yarda ba. Fili ya fashe da ihu. Baturenmu ya cilla hularsa sama yana tsalle yana ihu, ya manta da cewa mu ne mutanensa. Tafinta yana bin sa yana fassarawa, wai ko a garinsu wannan cafiyar sai a yi shekara ana zancenta. Saje ya ja da baya, ya shura, ƙwallon ta bi tsakanin dogayen gwangwala. Aka hura usur, ni ina durƙushe har lokacin.

Helma ya iso kaina yana haki. Ya ce, "La ilaha illallahu! Mun kawo dogo, ashe tsani munka kawo ma Saje!" Shi ke nan, suna ya bi ni. Kafin magariba yaran bariki suna bina suna Tsanin Saje, Tsanin Saje, ga sawun ƙafa ɓaro-ɓaro a bayan taguwata. Kofur ya wuce yana murɗa gashin baki yana dariya. Na duba wajen tanda, ta riga ta naɗe kayanta ta tafi. Na koma gida na ce wa kaina magana ta ƙare, wa zai ba abin dariyar gari 'yarsa? Na yi baƙin ciki ƙwarai, ko tuwo ban taɓa ba.

Ana cikin makon Saje ya aika a kira kawuna. Na zauna a zaure ina jiran hukunci. Kawu ya dawo fuska a ɗaure, ya zauna, ya nemi ruwa, ya sha a hankali, don shi ma mugun mai tsokana ne. Sannan ya ce, "Ga abin da yac ce. Ya ce ya duba yaro. Ya ga ƙarhinai bisa kan kofur, ya ga kunyatai gaban shi Saje. Wanda yad ɗauke shi bai girgiza ba, shina iya ɗaukar nauyin ɗiyatai. A zo a sa rana." Ina ƙoƙarin miƙewa ya riƙe mini riga. "Tsaya, da saura. Ya ce in an sake wasa, don Allah ka tsaya mashi wuri guda."

An ɗaura aure bayan an gama sussuka. Bature bai daɗe ba aka mayar da shi wani gari, ya tafi da gwandarsa, gara ta cinye gwangwalar, ba a sake irin wasan ba. Amma Saje har ya tsufa bai daina ba da labarin cafiyar nan ba, kuma kowace shekara tsallen na ƙara tsawo. In ya soma, ni sai in sulale in bar zauren, matata kuma ta bi ni da dariya.

Sau ɗaya na sake ɗaukarsa. Ranar da ya rasu, da aka fito da makara, na sa kafaɗata a gaba. Kun san yadda ake yi, ana tafiya ana karɓar juna don kowa ya sami lada. Wani ya matso zai karɓe ni, sai na ji muryar taubashina, ya tsufa shi ma, yana cewa a hankali, "Ku bar shi. Tsaninai na." Babu wanda ya yi dariya. Ban ba kowa ba har bakin kabari, kuma duk tsawon hanyar abin da ke damuna shi ne yadda ya rage nauyi.