Mutumin da Ke Ɗaure Hannu Mai Lafiya

Kafin masu shara su gama da baranda, Baba Mai Gashi ya buɗe ɗakin gashin ƙashi na asibiti, ya goge sandunan koyon tafiya, ya ciro bandeji. Ba na rauni ba ne. Hannu mai lafiya yake ɗaure wa majinyaci a ƙirji, ya bar shi da shanyayyen ya ci abinci da shi.

A keken marasa lafiya aka tura ni gabansa, hawan jini ya kayar da ni, ɓarin dama ya shanye, ina tsakiyar shekarun da nake kiran kaina ginshiƙin gida. Ashe gara ta daɗe da gamawa da ginshiƙin.

Maiɗakina ta ga abinci na zuba a rigata, ta kai hannu.

"Baiwar Allah, ajiye cokalin nan," in ji Baba. "Jariri kika aura?"

"Haba Baba, ba ka da tausayi?"

"Ina da shi. Naki ne zai kwantar da shi har ki tsufa."

Na zage shi da karkataccen bakina, ya ce magana ta fara fita, in ƙara. Da na tambaye shi ko zan warke, bai yi mini zaƙin baki ba: "Kamar da, a'a. Amma za ka shiga bayi ka rufo ƙofa da kanka."

Haka aka yi. Wani tela ma a gabanmu ya koma zura zare a allura, yana kuka. Wasu ba su tashi ba, Baba ya je ta'aziyya, dangi na nuna shi da baki: ga mugun nan.

Watan jiya ya yi ritaya. Ba a kawo kowa a madadinsa ba, ɗakin ya zama ma'ajiyar karyayyun gadaje.

Baba, kai ne ka yarda a tsane ka don mu tashi. Na gode, Allah ya saka. Masu jinya, ku ari taurin zuciyarsa tun da wuri, lokacin da jiki ke karɓar gashi.

Baba, maƙwabcina direba ya faɗi da irin ciwona bayan tafiyarka, aka sallamo shi gida. 'Ya'yansa ke yi masa komai, ko maɓalli ba sa bari ya taɓa. Jiya na leƙa shi. Yatsun sun fara naɗewa, unguwa kuwa sai sa wa yaran albarka ake yi.