Ƙafar da na bi a cikin tafki

Jama'a, abin da zan ba ku ba ji na yi ba, wallahi a kaina ya faru. Lokacin ina zaune a garin Silver Spring na Amurka, ina aikin kwamfuta, na yi tumbi har likita ya ce ciwon sukari na leƙo ni. Abokaina biyu, Dakta Nura na garin Bowie da Bulus, wani nas ɗan Jos da ke garin Manassas, su suka ja ni cikin gasar nan ta wasa uku, wadda za ka yi iyo, ka fito ka hau keke, ka sauka ka yi gudu. Keke da gudu ba su dame ni ba, ruwan ne matsalata.

Abin da ban gaya musu ba shi ne, ina ɗan shekara sha ɗaya yayana Sabi'u, ɗan farin Umma, ya nutse a wata madatsar ruwa a Kano yana da shekara sha tara, sai bayan kwana uku aka samo shi. Ranar sadakar bakwai Umma ta riƙe hannuna ta sa na yi mata alkawarin ba zan taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. To ni da wayona sai na ce ai kwamin iyo na gidan motsa jiki ba ruwa ba ne, baho ne babba, na koyi iyo a ɓoye.

Hutun Labor Day, wato ranar ma'aikata, ya zo, muka kama wani gidan katako a bakin tafki can yammacin Maryland, za mu yi atisaye da safe, da yamma mu gasa nama mu miƙe ƙafa. Asabar muka yi keke, Bulus na ta tsokanata wai tumbina ya riga ni isa gida. Lahadi da hantsi ni da Bulus muka sa baƙaƙen rigunan roba da tabarau na ruwa. Dakta Nura ya tsaya a kan gadar katako da kofin shayinsa, ni kuwa da na ga ruwan nan baƙi ƙirin ba a ganin ƙasansa, sai na ja na tsaya a bakin gaɓa.

Bulus ya ce, "Mutumina, kada ka damu da hanya. Ka sa ido a ƙafata kawai, duk inda ta yi ka bi. Mu je wancan jan tulun robar da ke kan ruwa mu dawo, shi ke nan." Haka masu wannan wasa suke yi, na baya yana bin kumfar ƙafar na gaba.

Muka shiga. Na kafa ido a kan ƙafafu biyu a gabana, ina bi ina ƙirga numfashi, har na fara jin daɗi. Na daɗe ina bi, sai na ce kai, tulun nan bai kai haka nisa ba. Na ɗago kai. Innalillahi! Hazo ya sauko ya rufe ko'ina, ba tulu, ba gaɓa, ba Bulus. Ashe tun farko jijiya ta riƙe masa ƙafa ya juya, shi da Dakta Nura suna ta ƙwala mini kira ban ji ba.

Na yi ihu, ruwa ya shiga bakina. Na juya dama na juya hagu, ko'ina fari fat, ban san inda na fito ba. Hannuwana suka yi nauyi, rigar ta shaƙe ni, na nutse na taso, na sake nutsewa. Ba mutuwar ce ta fi tayar mini da hankali ba, wallahi, sai tunanin wanda zai buga wa Umma waya ya ce mata na biyun ma ruwa ya ci shi, bayan alkawari. Kuka nake yi a cikin tabarau ina cewa, ya Allah ko don tsohuwar nan.

Da na nutse na uku sai ga ƙafafun nan a gaban fuskata, sun tsaya cak kamar suna jirana. A nan na gan su da kyau. Ba rigar roba a ƙwaurin, ba kumfa, kuma ƙafar hagu babu ƙaramin yatsa. Sarƙar keken Babanmu ce ta cire wa Yaya Sabi'u wannan yatsan, a gabana aka yi.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don ƙafar nan ita ta kawo ni tsakiyar ruwa, ban sani ba ko ƙarasa ni za ta yi. Amma ba ni da wani abin bi. Na yi bismillah na bi. In na gaji ta tsaya, in na motsa ta motsa, ban yarda na ɗago na nemi fuska ba, har gwiwata ta daki laka. Na rarrafa na fito a wancan gefen tafkin ina amai, na waiwaya, ruwa kwance lumui ba kowa. A nan jirgin masu ceto ya same ni.

Dakta Nura ya duba ni ya ce sanyi da gajiya kan sa mutum gane-gane, ban yi masa musu ba. Muna zaune a baranda, na lulluɓa da bargo, wayata ta yi ƙara, Umma ce, ba kuma lokacin da ta saba kira ba. Ta ce, "Kana ina?" Na ce ina gida. Sai ta ce, "To, ka tsane jikinka da kyau kada sanyi ya kama ka. Kuma ka daina wahalar da yayanka, ka bar shi ya huta."

Har Allah ya yi mata rasuwa ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban iya tambaya ba. Ban san wa ya kai ni tsakiya ba, ban san wa ya fito da ni ba, ko ɗaya ne ko biyu ne. Rigar robar a gidan katakon na baro ta. Ku dai in kun yi wa mahaifiya alkawari, kada ku nemi ƙofar baya da wayo irin nawa. In kuwa kun shiga ruwa kuna bin ƙafar wani, ku riƙa ɗago kai kuna duba mai ita.