Tabon da ke ƙirjin Maigadi

Mai Haƙora ake kiransa a layinsu, ko da yake bai taɓa cire wa kowa haƙori ba. Likita ne ke ɗaukar awon bakin mutum ya aiko masa, shi kuma ya zauna a wani ɗaki mai warin gam da farar ƙura ya ƙera haƙoran roba, ya daidaita launinsu da na maƙwabtansu, har uwar da ta haifi mutum ba za ta gane na aro ba. Yakan ce babu farin haƙori a duniya. Akwai mai ruwan madara, akwai mai ruwan toka, akwai mai launin shayin da ya huce a kofi. Da ido yake cin abinci. Tun bara kuwa idonsa na dama ya soma gazawa: wani duhu, kamar ɗigon mai a kan ruwa, ya zauna a tsakiyar duk abin da ya ƙura wa ido. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa mai wurin aikin ba, don ya san ranar da ya faɗa, ranar zai bar kujerarsa. Ya koma dogara da na hagu, yana jinkiri, yana sake dubawa. Duk da haka an taɓa dawo masa da aiki, aka ce haƙorin ya fi 'yan'uwansa duhu. Ya ɗora laifin a kan fitilar ɗakin.

A gida yana da wani aikin da ba wanda ya sa shi. Tun yana saurayi ya kalli wani fim a silima, irin na jiragen sama jannati da harbe-harbe. Kowa na bin jarumi da ido, shi kuwa hankalinsa ya tsaya a kan wani mutum-mutumin ƙarfe da ke can baya, tsaye a bakin ƙofa riƙe da fitila. Bai yi magana ba, bai yi faɗa ba, ba a ma nuna shi sosai ba. Mutane na shiga suna fita, yana haska musu hanya. Sunan jarumin ya daɗe da ɓace masa, amma mai fitilar nan ya biyo shi har furfura.

Da yara suka girma suka bar gida, ya kwashe tarkacen sito, ya sayi na'urar da ke narkar da zaren roba tana ɗora shi layi bisa layi har siffa ta tashi. Matarsa ta raɗa mata suna Gizo-gizo, don wuni take tana saƙa tana ƙugi. Shi kuma mutum-mutumin da yake ƙerawa da ita, irin na fim ɗin nan, da ya soma tsayuwa a bakin ƙofar sito da ƙafa ɗaya da sandar tsintsiya, ta ce masa Maigadi. Takan ce maigadi ne da ba ya barci, ba ya kuma kama ɓarawo.

Masu kallo daga nesa suna zaton na'urar ce ke yin aikin. Ita dai tana tofo gaɓoɓi ne masu kaushi, jikinsu duk zane-zane kamar bayan katantanwa, wani lokaci ma ta rikice a tsakiyar aiki ta bar tulin zare kamar gashin da aka taje. Sauran na hannu ne. A goge da samfefa mai kaushi, a cike ramuka, a jira ya bushe, a goge da mai laushi, a fesa fenti, fentin ya tona wani zanen da ya ɓuya, a koma farko. Shekaru suka shige a cikin wannan gugar. Ƙurar ta shiga gashin girarsa, ta shiga aljihun rigunansa, ta kwanta a kan ganyen shukar da ke baranda. Matarsa ta gaji da magana, ta koma shimfiɗa tsohon zane a bakin ƙofa kawai.

Ba shi kaɗai ke da wannan lalura ba. Akwai wata 'yar ƙungiya ta masu irin sha'awar, suna tura wa juna hotuna ta waya, sukan haɗu jefi-jefi a garejin wani tsohon direba da suke kira Ma'auni, saboda ba ya rabo da abin awo a aljihu. Ƙa'idarsu guda ce: idan ka gama gyara abu ya yi sumul, sai ka tsufar da shi yadda yake a fim, ka yi masa tsatsa da ƙwarzane da dattin ƙarya, amma kowane tabo sai da shaida. Ka nuna hoton da aka tsayar daga fim ɗin, ka ce ga shi nan. Abin da babu shi a fim, ko ya fi kyau, ba a karɓa.

Da ya zo kan ƙirjin Maigadi, Mai Haƙora ya yi yadda ya saba tun da can a wurin aiki: ya tsayar da hoton a kwamfuta, ya rufe idon hagu, ya kafa gilashin ƙara girma a na dama. Ya ga wani duhu a ƙirjin, gefen hagu kaɗan, bakinsa a watse kamar hayaƙi. Ya matsa zuwa kafaɗa, duhun ya bi shi. Ya dawo ƙirji, ya dawo tare da shi. Ya daɗe zaune hannunsa a kan gwiwa. Daga nan ya haɗa baƙin fenti da ruwan ƙasa, ya tsarma su, ya zana duhun a ƙirjin Maigadi da ƙaramin buroshi, daidai yadda ya gan shi. A duk jikin babu inda ya yi kyau kamar wurin.

Ran wata Asabar da la'asar autarsu, wadda ke koyarwa a wata makaranta, ta zo gaishe su. Ta tarar da Ma'auni a sito, ya zo ganin aikin da idonsa, yana zagaya Maigadi yana gyaɗa kai. Ya yaba tsatsar gwiwar hannu, ya yaba ƙwarzanen goshi, ya ce ko masu fim ɗin sai sun rantse nasu ne. Sai ya tsaya a ƙirji, ya karkata kai.

"Wannan fa, maigida? Ina shaidarsa?"

Mai Haƙora ya ce yana nan a cikin fim ɗin, a wurin da ake buɗe ƙofa. Ma'auni ya ce ya kalli wurin nan har ya haddace numfashin jarumin, bai ga komai ba, sai dai in nasa fim ɗin daban aka sayar masa. Suka yi dariya. Auta ta ce a bar gardama, ga kwamfuta nan. Ta nemo wurin, ta tsayar, ta ƙara girmansa. Ƙirjin ƙarfen fes yake, hasken fitila na kwance a kai.

"Baba, nuna min," ta ce.

Ya ɗauki gilashin, ya rufe idon hagu, ya kai yatsa kan allon. Ta ja hoton gefe a hankali, ba tare da ya lura ba, har ƙirjin ya kauce, bangon baya ya zo ƙarƙashin yatsansa.

"Har yanzu yana nan?"

"Yana nan," ya ce.

Ma'auni ya tuna cewa yana da wani uzuri. Ya yi sallama a hankali, ya tsallake zanen bakin ƙofa ya fita.

Matar Mai Haƙora na tsaye a baranda riƙe da tire. Ta shigo ta ajiye shi a kan kwalin fenti, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ta daɗe da sani. Tun da ya soma karkata kai kamar kaza in zai dube ta, tun da ya zuba shayi a gefen kofi ya ce tebur ne ya karkace. Tana jira ne ya faɗa da bakinsa.

"Malam, ni ba ka gaya min ba," ta ce, "sai ka je ka gaya wa Maigadi."

Bai musa ba. Ya ce ya gaji ne da ɗaukar duhun shi kaɗai duk inda ya duba, ya so ya ga ya zauna wuri ɗaya. Auta ta ce za ta kai shi wurin likitan ido, ba kuma shawara take nema ba. Ta ɗauki tsumma ta tambaya ko ta goge tabon, tunda 'yan ƙungiya ba za su karɓa ba. Ya ce ta bar shi.

Likita ya ce za a iya rage saurin abin, amma wanda ya tafi ya tafi. Washegari Mai Haƙora ya shiga ofishin mai wurin aikin ya faɗa masa a tsaye. Ba a sallame shi ba. An mayar da shi ɗakin zuba farar ƙasa a mazubi, inda ba a tambayar launi, kujerarsa ta bakin taga kuma aka ba wata da ya koya wa aiki. Ya miƙa mata jerin haƙoran gwajin launi da hannunsa, ya ce ta riƙa dubawa da hasken safe.

Yanzu yana dawowa gida da wuri. Gizo-gizo ta yi shiru, an lulluɓe ta da tawul. Saura ƙafar Maigadi ta biyu, wadda ta fito da kaushinta tun kafin wannan duka. Yakan zauna a baranda ya ɗora ta a cinya, ya naɗe samfefa a yatsu biyu, ya goga, ya shafa da tafin hannu, inda ya ji kaushi ya sake gogawa. Ba ya ko dubanta. Matarsa kuwa ta sami inda take rataye mayafinta: hannun nan na Maigadi da aka yi don riƙe fitila.